Shin iskar tekun Legas na warkar da ciwon ƙirji?

Da zarar hunturu ya kama a Arewa, hazo ya rufe gari, leɓe ya fara tsagewa, akwai wata magana da ke yawan dawowa a wayar da ake bugawa tsakanin gida da Legas. Ƙane zai kira yayansa da ke Agege ko Mile 12 ya ce, "Yaya, jikin Inna fa ya motsa, a zaune take kwana saboda numfashi." Shi kuma ya amsa, "Ku sako ta a mota ta zo ta yi mana wata biyu, iskar teku za ta warware mata ƙirji." Ba da wasa yake faɗa ba, kuma ba a sama ya tsinci maganar ba. Mutane da yawa sun zo ci-rani da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suka ga sauƙi bayan 'yan makonni a Kurmi. Wasu kuma akasin haka suka gani: sun zo garau, Legas ce ta koya musu sarƙewar numfashi. Dukansu gaskiya suke faɗa. Abin da ya kamata mu gane shi ne yadda gari ɗaya ke haifar da labari biyu masu karo da juna, domin a kan wannan fahimtar ake yanke shawarar da ta shafi ran mutum.

Sai mu fara da ƙirjin kansa. Babban mutum yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a kowace rana, kuma duk abin da ke cikinta, ƙura ce ko hayaƙi ko ƙwayar cuta, sai ya bi ta hanci da maƙogwaro ya gangara cikin bututun da suka rarrabu a huhu. Allah ya yi wa waɗannan bututu kariya. Bangonsu na ciki lulluɓe yake da siririn ruwa, a samansa akwai majina mai danƙo da ke cafke datti, a ƙarƙashi kuma akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana suna tura majinar sama, kamar leburorin gini da suka yi layi suna miƙa wa juna kwanon kankare, har ta iso maƙogwaro mutum ya haɗiye ko ya tofar bai ma lura ba. Wannan aiki ba ya tafiya sai da danshi. Idan iska ta bushe ƙwarai, ruwan nan ya ragu, majina ta yi kauri, gashin ya kasa tura ta. Mai asma kuwa abin ya fi yi masa tsanani, domin bututunsa a kumbure suke tun asali, kuma naman da ya kewaye su yana da saurin tsukewa. Busasshiyar iska mai sanyi kaɗai ta isa ta tayar masa da ciwo, balle an haɗa ta da ƙura.

Hunturu kuwa abin da yake kawowa ke nan, bushewa da sanyi da ƙura a tashi ɗaya. Iskarsa daga arewa maso gabas take tasowa ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fitowa, busasshen gindin wani tsohon tafki da masana ke lissafawa a sahun farko na wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a tsakiyar hunturu. A Legas, a mafi yawan shekara, yana wajen kashi 80. Hazo yana isowa Legas shi ma, galibi a Disamba da Janairu, amma ya riga ya gaji a hanya kuma ba ya daɗewa. Saboda haka wanda bushewa da ƙura suke tayar wa ciwo, in ya bar Arewa a wannan lokaci ya sauka kusa da teku, sauƙin da zai ji ba ruɗin zuciya ba ne. Ƙirjinsa ya samu abin da yake nema.

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a kalli maganar da kyau. Babban amfanin iskar teku ba a cikin abin da take ɗauke da shi yake ba, yana cikin abin da babu a cikinta. Iskar kudu maso yamma da ke shigo wa Legas ta yi tafiyar dubban kilomita a kan tekun Atilantika, inda babu salansar mota, babu bolar da aka cinna wa wuta, babu gonar da ake ƙonewa, babu garin furannin ciyawa da ke sa wasu atishawa da ƙaiƙayin ido. Tana isowa gaɓa a wanke, da danshinta, kuma zafinta ba ya hawa da sauka da ƙarfi tsakanin dare da rana, domin ruwa yana da jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa. Ƙirjin da ya saba faɗa da datti ya samu hutu, hutun nan kuma shi ake ji kamar magani.

To gishirin fa? Yawancin masu yabon iskar teku a kansa suke dogara, kuma akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Idan igiyar ruwa ta daki gaɓa ta fashe, tana watsa 'yan ɗigon ruwan gishiri cikin iska. Duk mai gadin da ya taɓa aiki a Lekki ko Ajah ya san wannan ba tare da an karanta masa ba: sabon kwaɗon da aka rataya a get, kafin damina ta fita ya yi ja da tsatsa, mabuɗi ya fara gardama sai an ɗiga masa mai. Gishiri kuma yana jan ruwa. Idan ya sauka a bangon bututun huhu yana jawo ruwa daga naman da ke ƙarƙashi, majina ta yi laushi ta fi sauƙin fita. Likitoci a Ostiraliya sun lura cewa masu wata cutar gado da ake kira sistik faibirosis, wadda ke sa majina ta yi kauri ta toshe huhu, sukan ce suna jin sauƙi bayan sun yi wasan hawa igiyar ruwa. Aka gwada abin a kimiyyance, aka buga sakamakon a 2006: marasa lafiya 164, wasu aka riƙa ba su ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 7 cikin 100 ta na'urar shaƙa sau biyu a rana har mako 48, kuma aka ga tashin ciwon ya ragu a wurinsu. Tun daga nan ya zama magani sananne ga wannan cuta.

Amma a lura da adadin. Ruwan teku kashi 3.5 cikin 100 ne gishirinsa, rabin na gwajin ke nan, kuma abin da mutum zai shaƙa yana zaune a kan yashi ɗan mitsitsi ne idan aka gwada shi da abin da na'ura ke hura masa kai tsaye a baki. Manyan ɗigon ma ba sa nisa, suna zubewa kusa da gaɓa, abin da ya rage yana raguwa da sauri yayin da ake shiga cikin gari. Sannan ga abin da masu tallar gishiri ba sa faɗa: ruwan gishiri mai ƙarfi yana iya tsuke bututun mai asma. Har ma likitocin huhu suna amfani da shi da gangan wajen gwada ko mutum yana da asma, su ba shi ya shaƙa su auna yadda numfashinsa zai ragu. Shi ya sa waɗanda ake yi wa magani da shi sai an fara ba su maganin buɗe ƙirji. Abin da ke taimakon wata cuta yana iya zama fitina ga wata.

Wannan ya sa hankalina ke tashi in na ji wani yana ba da shawarar a ɗebo ruwan teku a jarka a kawo gida a yi sirace da shi, ko a ɗiga a hanci, ko a sha. Siracen ba zai kai gishiri ƙirji ba, domin in ruwa ya tafasa tururi ne ke tashi, gishirin a tukunya yake zama. Ɗigawa da sha kuwa haɗari ne, saboda ruwan da ke gaɓar birni mai miliyoyin mutane yana karɓar abin da kwatoci da magudanai suka kwaso. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya sha shi, cuta ya ƙara wa kansa.

Turawa sun riga mu shiga wannan zance da daɗewa. A 1750 wani likitan Ingila, Richard Russell, ya wallafa littafi a kan amfanin ruwan teku, kuma shi ya jawo masu hali suka fara tururuwa zuwa Brighton, wani gari na bakin teku, neman lafiya. A 1791 aka kafa asibitin wankan teku a Margate domin talakawa masu fama da nau'in tarin fuka. Daga baya aka riƙa cewa ƙamshin bakin teku wata iska ce mai suna ozon wadda ke ƙara lafiya. Yau an san ƙamshin daga wani sinadari yake da ƙananan halittun ruwa ke fitarwa, ita kuwa ozon a kusa da ƙasa cutar da huhu take yi. Marasa lafiyar da aka kai gaɓa sun samu sauƙi, amma dalilin a fili yake: an fitar da su daga hayaƙin kwal da cunkoson birane, an ba su abinci da hutu da hasken rana. Tarin fuka bai fara ja da baya da gaske a hannun likita ba sai da aka samo magungunan kashe ƙwayar cutar daga shekarun 1940. A 2012 masu bincike a Jami'ar Exeter sun duba bayanan ƙidayar Ingila ta 2001, suka ga waɗanda ke zaune kusa da teku sun fi cewa lafiyarsu ƙalau, musamman a unguwannin marasa ƙarfi, kuma abin da suka fi dangantawa da shi shi ne yawan motsa jiki da raguwar damuwa. Wannan ma amfani ne na gaske, domin tashin hankali yana tayar da asma, tafiya a ƙafa kuma tana ƙarfafa mai ciwon huhu. Sai dai ba sirrin gishiri ba ne.

Yanzu mu dawo gida, inda gizo ke saƙar. Idan iskar teku magani ce da kanta, da Legas ta kasance cikin garuruwan da suka fi lafiyar ƙirji a Afirka. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya nuna akasin haka. Ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas, kashi 60 cikin 100 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, asarar kuma ta kai dala biliyan 2.1. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne na ƙananan burbushin da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30, shi ya sa suke wuce gashin hanci da majina su kai can ƙarshen huhu, wasu ma su shiga jini. Rahoton ya sa na Legas a maikirogiram 68 a kowace mita kubik ta iska. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin 10 ce, a 2021 ma ta rage ta zuwa 5. Manyan masu laifin da aka lissafa su ne motoci, masana'antu da janareta.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Da rana ƙasa tana ɗaukar zafi fiye da ruwa, iskar da ke samanta ta tashi, ta teku mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Shi ne iskan nan mai daɗi da ake ji daga azahar zuwa la'asar. Amma ba ta tashi sama ta tsallake gari, ratsa shi take yi. Ta bi ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, ta kwashi hayaƙin jirage da na tireloli da tankokin da ke layi da injinsu a kunne, ta bi ta kan gosulon tsofaffin motoci 'yan kwatano da danfo, ta wuce dubban janareta da ke kuka a bayan shaguna. Kafin ta kai Agege, wanda ke nesa da gaɓa fiye da kilomita 20, sunan kawai ya rage. Da dare kuma zuwa asuba iskar tana lafawa, hayaƙi ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan unguwa, daidai lokacin da mai asma ya fi shan wahala. Mile 12 ga babbar hanyar Ikorodu a gefenta, ga jujin Olusosun a Ojota ba nisa, wanda ya kama da wuta a Maris 2018 hayaƙinsa ya turnuƙe yankin kwanaki. Kuma ba kowane ruwa ne teku ba. Wanda ke kan gadar Third Mainland yana kallon ruwa shimfiɗe hagu da dama, tafkin Legas yake kallo, kuma hayaƙin da aka shekara da shekaru ana gani yana tashi a gefensa na dussar katako ne daga Oko Baba da na bandar kifi daga Makoko.

Mu Hausawan Legas kuwa ina muke zaune? Agege, Mile 12, Alaba Rago, Idi-Araba, Ijora, gefen kasuwa, gefen tasha, gefen titi. Kuma sana'o'inmu su ne na bakin hayaƙi: ɗan acaba da hancinsa ke daidai da salansar motar da ke gabansa, mai tsire da ke tsaye a kan garwashi daga magariba har tsakar dare, mai shayi da rishonsa, ɗan dako a tsakanin manyan motoci, mahaucin da ke babbaka. Waɗanda suka fi kowa kusa da teku a cikinmu masu gadi ne a Lekki da Victoria Island, amma je ka duba ɗakin mai gadi a gidaje da yawa. Za ka same shi manne da ɗakin janareta, bango ɗaya ya raba su, tagarsa na kallon bututun hayaƙi. Yana jin ƙarar igiyar ruwa in an ɗauke injin, amma dizal yake kwana shaƙa. Wannan abu yana ci mini rai, domin gyaransa bai fi a ƙara tsawon bututun a juya shi wani gefe ba.

Danshin da muka yaba ɗazu shi ma yana da nasa haraji. A cikin katifa da matashi da kafet akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu, kuma kashinsu yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma a duniya. Ba sa shan ruwa, daga iska suke tsotsar danshi, saboda haka in danshi ya sauka ƙasa da rabi sukan ragu ƙwarai. Ranin Arewa yana karya su kowace shekara. A Legas babu mai karya su. Haka fumfuna. Duk wanda ya yi damina a nan ya san yadda ake ciro takalmin Sallah daga ƙasan gado a watan Yuli a gan shi ya yi fari-fari da kore, ko a janye katifa a ga bangon bayanta ya yi baƙi yana wari. Ƙurar wannan fumfuna a iskar ɗaki take yawo. Kyankyaso ma, wanda lema da kwata ke raya shi, ɓurɓushin jikinsa yana tayar da ciwon. Wannan shi ne bayanin yaron da aka kawo daga Katsina lafiya lau, bayan shekara ɗaya ƙirjinsa ya fara kukan kyanwa da dare. Wanda ya zo da tari daga Arewa ƙura ce abokiyar gabarsa, ya tsere mata ya samu sauƙi. Yaron nan kuwa a nan ya tarar da tasa.

Shi ya sa na fi yarda cewa iskar ɗakin da mutum ke kwana ta fi tazararsa da teku muhimmanci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwa a nan yake yin ta. Ɗauki ɗakin da muka sani: taga ɗaya, a rufe saboda sauro da ɓarayi, maganin sauro mai hayaƙi yana ci a ƙarƙashin gado, ƙaramin janareta yana aiki a baranda, an yi girki da gawayi ko kalanzir a bakin ƙofa. A ɗakin mata kuma ga kaskon turaren wuta. Na san wannan magana ce mai nauyi, turare ado ne da tsafta da mutunci a wurinmu, kuma ba ina cewa a daina ba ne. Amma hayaƙi hayaƙi ne ko da ƙamshi yake, kuma in akwai mai asma ko jariri a ɗakin, a turara kaya a waje, ko a turara ɗakin ba ya nan a buɗe taga kafin ya shigo. Janareta kuwa batunsa ya wuce asma. Yana fitar da iskar guba marar wari marar launi wadda ke kashe iyali gaba ɗaya cikin barci, kuma ba sau ɗaya ba ne aka wayi gari da irin wannan labari a ƙasar nan. Kada a kunna shi a ɗaki, ko a lungu, ko a ƙarƙashin taga.

To, a kawo Inna ko kada a kawo ta? Kafin a sayi tikiti, a fara sanin me ke damunta. Tsohuwar da ba ta iya kwanciya sai a zaune, in ƙafafunta suna kumbura, musamman in tana da hawan jini, mai yiwuwa zuciyarta ce ta gaza har ruwa ya taru a huhu, kuma wannan babu iskar da za ta taɓa shi, doguwar tafiyar mota ma ƙara mata wahala za ta yi. Wadda ta yi shekara arba'in tana girki da itace a rufaffen madafi tana iya samun lalacewar huhu mai ɗorewa, irin ta masu shan taba. Tarin da ya wuce mako biyu, da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko kaki da jini, sai an yi gwajin tarin fuka. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, ana kuma warkewa in an sha magani wata shida ba fashi. Kawo mai irin wannan tari cikin ɗakin da mutum shida ke kwana da sunan shan iska, raba cutar ne ga sauran. In likita ya tabbatar asma ce, kuma iyali sun lura hunturu ne ke tayar da ita, to zuwan yana da ma'ana, matuƙar ɗakin da za ta sauka busasshe ne, mai taga biyu da iska ke ratsawa, nesa da babban titi da janareta. In ba haka ba, an gudu ne ba a tsira ba, gara ta zauna gida a rufe tagogi ranar da hazo ya yi ƙarfi, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, ta rufe hanci da baki in za ta fita.

Kuma ko an zo, kada a bar magani a gida. Wannan shi ne abin da na fi jin tsoro a cikin zancen iskar teku gaba ɗaya, mutum ya ji sauƙin mako biyu ya ajiye abin shaƙarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma a duniya sun kai miliyan 262 a 2019, cutar kuma ta kashe 455,000 a shekarar, yawancinsu a ƙasashe irin namu inda magani ke wuyar samu. Abin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, shuɗin nan da aka fi sani, akwai kuma mai kwantar da kumburin, wanda ake shaƙa ko da an ji lafiya. Jama'armu sun fi riƙe na farko su bar na biyu, alhali na biyun ne ke hana mutuwa, kuma tun 2019 ƙa'idar da likitocin duniya ke bi ta daina yarda a bar babban mutum a kan shuɗin kaɗai. Akwai kuma camfin cewa wanda ya fara shaƙa ba zai iya rabuwa da ita ba. Ba maganin ke kama mutum ba, ciwon ne bai tafi ba. Na san tsada ta shiga tsakani, tun faɗuwar naira a 2023 farashin ya ninka, har wasu suka koma ƙwayoyin kemis da ake sha barkatai. Amma in kuɗin da ke hannu zai isa abu ɗaya ne kawai, motar Legas ko maganin wata uku, ni maganin zan zaɓa. In kuwa mutum ya kasa gama jimla ɗaya saboda numfashi, ko leɓensa ya canza launi, ko ya shaƙa bai ji sauƙi ba, asibiti za a nufa a take.

Wanda yake Legas kuma yana son ya amfana da teku, ya je, yana da kyau, ya tafi da abin shaƙarsa a aljihu. Ranar aiki ta fi ƙarshen mako, domin Asabar da Lahadi wuraren shaƙatawar cike suke da hayaƙin gashi da shisha da janareta, wato abin da aka gudo dominsa. Da yamma, lokacin da iska ke busowa daga ruwa, ya yi tafiya a ƙafa a kan yashi gwargwadon ƙarfinsa. In ya tarar da tulin ciyawar teku mai ruwan ƙasa tana ruɓewa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin wadda ta fara mamaye gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011, ya matsa nesa, iskar da take fitarwa tana fusata ƙirji. Kada kuma ya shiga ruwan. Tekun Legas yana da ja mai ƙarfi a ƙarƙashi, wanda ya koyi iyo a kogi ko kududdufi bai san irinsa ba, kuma yana cin mutane.

Sai dai zuwan kansa ya zama na mai hali. Bar Beach, wanda a da shi ne bakin tekun talaka, an cike shi da yashi an gina sabon birnin Eko Atlantic a kai. Elegushi da makamantansa sai an biya kuɗin shiga, Tarkwa Bay sai an hau jirgin ruwa. Ɗan dako daga Mile 12 da zai kai ɗansa mai asma bakin teku, kuɗin mota da na get za su cinye masa aikin kwanaki, ya shaƙi hayaƙin gosulo awa biyu zuwa awa biyu dawowa domin ya samu iska mai kyau ta awa ɗaya. Lissafin bai fita ba. Abin da zai fi yi wa yaron nan amfani yana kusa da gida, kuma wani ɓangarensa a hannunmu yake. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni suna da bakin da ake ji. Suna iya hana ƙona shara a cikin kasuwa da babbaka da taya, su sa a haɗa janaretocin layi a wuri ɗaya nesa da inda mutane ke kwana, su sa direbobin manyan motoci su kashe inji in suna jiran sauke kaya, su kuma nemi hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta kafa na'urar auna iska a Mile 12 da Agege da Alaba Rago, a riƙa sanar da sakamakon da Hausa a masallatai da ofisoshin ƙungiya, yadda uwar mai asma za ta san ranar da bai kamata ɗanta ya bi ta kasuwa ba.